Iskar da ke Kwance a Rijiyar Nomau

Da sunan Allah da ya halicci iska iri-iri, ya sa wa wata wari don a guje mata, ya sa wa wata ƙamshi don a matso, ya bar wata ba ta cewa komai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Sallau ɗan Barau, wanda mutanen Dutsen Maje suke kira Malam Mai Fitila. Na tsufa. Ƙafafuna sun gaji tun da daɗewa, yanzu kuma kaina ya bi sahunsu. Sunaye suna zuba daga cikinsa kamar gero daga buhun da ɓera ya huda, ina ji suna zuba, ba ni da abin toshewa. Don haka nake rubuta wannan da hantsi, lokacin da hankalina ya fi zama wuri ɗaya, Lantana 'yar wana tana gefe tana kaɗi, tana gyara mini inda na kauce.

Wana Nomau mai haƙar rijiya ne. Ni ɗan karatu ne, ban taɓa iya riƙe dagi ba, shi kuwa bai taɓa iya riƙe alƙalami ba, kuma ba mu taɓa raina juna ba. A shekarar da rafin garinmu ya ƙafe, shi ya ce zai nemo ruwa a gindin dutse. Ya yi wata biyu yana haƙa, har rijiyar ta kai gaba goma sha takwas. Sai aka yi hutun salla na kwana uku. Ran na huɗu da safe ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce da ni, “Malam, yau ka tanadi buta, da ruwan nan za ka yi alwala.” Ya sauka yana dariya. Muka ji dagi ya daki ƙasa sau ɗaya. Daga nan shiru.

Abokin aikinsa ya bi shi, shiru. Wani ya bi na biyun, shiru. Da ƙugiya aka fito da su ukun. Ba sarar maciji, ba rauni, ba jini. Na kwanta a bakin rijiyar na shaƙa har kaina ya yi nauyi, ban ji warin komai ba. Mutane suka ce aljanu ne, aka jera itace a kanta aka yaɓe da laka. Daga ranar matan garinmu suka koma ɗebo ruwa a wata tafki mai nisan rabin yini. Lantana tana da shekara bakwai aka ɗora mata tulun farko.

Ban musa aljanu ba. Amma na ce ko aljani ne, yana da hanyar da yake bi, kuma akwai wanda ya san ta. Fatake sun taɓa ba ni labarin wani birni a bayan Tekun Gishiri, inda malamai suka san kowace iska da sunanta. Na ɗaure littattafaina, na ce da mutanen gari ba zan dawo ba sai da abin da za a buɗe rijiyar nan da shi. Na zaci shekara biyu zan yi. Na yi goma sha tara.

“Ashirin da uku, Baffa,” in ji Lantana yanzu, ba ta ko ɗago kai daga mazarinta ba.

To, ashirin da uku.

Ba na tuna Tekun Gishiri sosai, sai dai fari ne ƙal, kuma leɓɓana sun tsage. Abin da na fi tunawa shi ne Tsaunin Kurkur da ke bayansa, dutse rawaya tun daga gindi har ƙoli, yana fitar da hayaƙi ta ƙofofi fiye da ɗari. Farar wuta ce ke tsirowa a jikinsa kamar fure. Tun daga tafiyar yini guda warinsa ya tarye ni, warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga kuma wani mai shaƙe maƙogwaro kamar an kunna ashana dubu lokaci ɗaya. Zoben azurfar da ke hannuna ya koma baƙi ƙirin kafin la'asar.

Hanya ta bi ta wani kwazazzabo, na shiga ina toshe hanci da rawani. Warin ya yi ta ƙaruwa, ya yi ta ƙaruwa, sai kuma ya ɗauke ɗif. Na ce alhamdu lillahi, na sauke rawani, na nemi dutse zan zauna in huta. Sai dunƙulen farar wuta ya same ni a kafaɗa.

“Kai mai rawani! Kana jin warin?”

Wata tsohuwa ce can sama, gajeriya ƙwarai, da jaki a bayanta.

Na ce, “Ya wuce, Inna, sannu da aiki.”

“Uwarka ce ta wuce! Hawo nan, hawo da gudu!”

Zagin ne ya tashe ni, ba tsoro ba. Na kama hawa, ƙafafuna suna lanƙwashewa, idanuna suna ganin duhu-duhu. Ita ta kamo wuyan rigata ta ƙarasa jawo ni. Da na gama amai, ta zauna ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro cin tuwo. Wannan iskar, in ji ta, idan kaɗan ce tana wari. Idan ta yi yawa, hancin take fara kashewa, sannan mai hancin. Wanda ya ji wari yana da sauran lokaci. Wanda ya daina ji a tsakiyar kwazazzabo, ya yi sama ko ya yi kalmar shahada.

Sunanta Tasallah. Shekara arba'in tana ɗiban farar wuta, hancinta ya mutu gaba ɗaya, ba ta bambance turare da kashin jaki. Da tsinken azurfa take aiki, tana duba saurin da yake yin baƙi. Na ba ta labarin wana, na tambaye ta ko wannan iskar ce.

“Kun ji warin ƙwai a bakin rijiyar?”

“Ko kaɗan.”

“Akwai mai azurfa a jikinsa cikin mamatan?”

“Wana yana da awarwaro. Fari ya fito.”

“To ba tawa ba ce. Tawa ba ta da kunya, sai ta bar alama.”

Duk shekara takan kai kayanta Birnin Sansana, wato birnin malaman da nake nema. Ta yarda in bi ta, bisa sharaɗin ni zan riƙa jan jakin, don ya tsani mata.

A tsakaninmu da birnin akwai Fadamar Shuɗiyar Wuta. Mutanenta a kan ruwa suke zaune, bisa gadajen kara. Ba su san itacen girki ba. Mace za ta soka gora mai rami cikin taɓo, ta kawo garwashi bakinta, sai wuta shuɗiya ta tsaya a kai, ba hayaƙi, ta ɗora tukunya. Na ga kumfa tana tasowa daga ƙarƙashin ruwa, na tara ta cikin ƙwarya a kife, na shaƙa, ban ji komai ba sai warin taɓon da ya manne a ƙwaryar. Na ce na same ta, iska marar wari. Don in ƙara duba ta da kyau na matso da fitila.

Gemuna na shekara tara ya tafi a ƙiftawar ido, tare da gashin gira. Tasallah ta yi dariya har ta zauna a taɓo.

“Malam, ka koma ango! Wannan ba ta kwanciya a rami, sama take gudu. In ba ka rufe ta a ɗaki ba, ba ruwanta da kowa sai mai kawo mata wuta.”

Duk da haka iskar ta biya ni gemuna. Kwana biyu bayan nan wasu kuraye masu girman maruƙa suka biyo mu da tsakar rana a kan wata siririyar hanya, ruwa dama, ruwa hagu. Tasallah ta ba ni sanda ta ce in dama taɓon da ke bayanmu da iyakar ƙarfina. Kumfa ta yi ta tashi. Muka ja da baya, ta cilla garwashi. Bango shuɗi ya miƙe tsakaninmu da su, muka tsere da jakinmu yana kuka. Abin da na riƙe daga fadamar nan shi ne, in za ka kai wuta wurin iskar da ba ka sani ba, kai ta da doguwar igiya, kai kuma ka tsaya nesa.

Birnin Sansana yana da ƙofa bakwai, kuma a kowace ƙofa akwai mai gadi da ke shinshina baƙo kafin ya shiga. Can ba a auna mutum da dukiya ko da takobi, da hanci ake auna shi. Wanda ya iya rarrabe wari goma, talaka ne. Mai arba'in, malami ne, a ba shi jar hula. Mai casa'in da tara shi ne Sarkin Hanci, wani dattijo siriri mai rufe fuska da alharini don kada iskar kasuwa ta ɓata masa kayan aiki. Irin su Tasallah kuwa, da hancinsu ya mutu, a bayan ganuwa suke sauke kaya.

Na yi shekara goma sha ɗaya a gidan karatunsu, kuma ba zan ci amanarsu ba, masu ilimi ne. A can na ga abubuwan da ban zaci akwai su ba. Suna da kwalabe a jere cikin rumfuna, kowace da iskarta. Akwai wata koriya-rawaya da suke fiddawa daga gishiri, tana cizon maƙogwaro, in aka sa jan ƙyalle mai laima cikinta sai ya fito fari. Akwai mai zarni da suke samu daga ƙaho da taki, tana sa hawaye, tana tashin wanda ya suma. Akwai baƙin gari daga tokar ciyawar teku, in ya ji zafi sai ya tashi hayaƙi ruwan goro mai duhu, a'a, ba ruwan goro ba. Launin furen nan ne da ke fitowa a bakin rafi. Sunan launin ya tafi. Akwai jan ruwa mai nauyi, ɗoyinsa kaɗai yakan kori mutane daga zaure. Akwai wani abu kamar kakin zuma da ake ajiyewa cikin ruwa, yana warin tafarnuwa, in aka fito da shi sai ya kama da wuta da kansa. Har ƙamshin nan mai kaifi da ake ji bayan aradu ta faɗi sun ba shi suna. Zinariya, in ji su, ba ta da wari, kuma ƙarnin da ake ji a jan ƙarfe na gumin hannun mai taɓa shi ne. Duk na rubuta, littafi huɗu. Na kai wari arba'in da shida, aka sa mini jar hula.

Amma duk lokacin da na kawo maganar rijiyar wana, sai a yi murmushi. Karatunsu gaba ɗaya a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: duk abin da ke cutarwa yana da wari, abin da ba shi da wari babu shi. Na ba su labarin iskar fadama, suka ce warin taɓo shi ne warinta. Na gaji. Wata rana a gaban majalisa, Sarkin Hanci ya ce da ni, “Baƙo, wanka zuciyarsa ce ta tsaya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, zuciya uku a rami ɗaya? Ko dai akwai abin da hancinka bai kai gare shi ba?”

A birnin nan gara ka zagi uban mutum da ka raina hancinsa.

Hukuncinsu ɗaya ne ga kowane laifi, wato ratsa Kwarin Rantsuwa. Wani kwari ne a gabashin gari, tsawonsa bai fi tafiyar rabin sa'a ba. Wanda ake tuhuma zai shiga ta wannan baki, alƙalai su jira shi a wancan. In ya fito, ba shi da laifi. In bai fito ba, kwarin ya yi shari'a. Malamai sun shinshina wurin ɗaruruwan shekaru ba su ji komai ba, don haka suka tabbatar gaskiya ce kawai ke aiki a ciki. Manyan gari a kan raƙumi suke ratsawa, kuma ba a taɓa samun mai laifi cikinsu ba. Mai jar hula yana tafiya da ƙafa, da fitilar karatu a hannu. Talaka kuwa, doka ta ce tafin ƙafarsa ba zai taɓa ƙasar kwarin ba, saboda haka da rarrafe yake shiga. Talakawan birnin, in ji malamai, ɓarayi ne ƙwarai.

Wannan hukunci aka yanke mini. Lokacin ya zo daidai da zuwan Tasallah da kayanta. Aka kamo ta, aka ce ita ta kawo ni, tare za mu shiga. A hanya ba ta zage ni ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Sai da muka kai bakin kwarin ta ce, “Nan mijina ya shiga. An ce ya saci awo a ma'auni. Shekara talatin ina jin kunyar sunansa.” Ta ɗaure ƙwaryarta da faifanta a baya, ta durƙusa.

Na bi gangaren a gabanta. Wuri ne mai kyau, abin haushi. Itatuwa kore, tsuntsaye suna kuka a sama. Amma a ƙasa na ga gawar ɓera, na ga ta ƙadangare, na ga zabuwa a kwance ba abin da ya taɓa ta, ko tururuwa babu. Igiyar takalmina ta kwance. Na ajiye fitila a ƙasa zan ɗaura.

Fitilar ta mutu.

Ba iska, ko ganye ba ya motsi. Ga mai cike a cikinta, lagwani lafiya. Na ɗaga ta, na ƙyasta, ta kama. Na sauke ta a hankali. A ƙirji tana ci. A ƙugu tana ci. A gwiwa harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya tafi, kamar an tsoma ta a ruwa. Na tsaya ina kallon gwiwoyina. A cikin wani tafki nake tsaye, tafkin da ba a gani, ba a ji, ba ya jiƙa riga. Sai na ji ƙarar dagin Nomau, sau ɗayan nan, da shirun da ya biyo baya.

Na juya. Tasallah ta rarrafo har ta kusa inda nake, tana haki.

“Inna, tashi! Tashi tsaye!”

“Doka, Malam.”

“Doka ta ce ƙafarki kada ta taɓa ƙasa. Hau wuyana.”

“Ni? Sa'ar uwarka?”

“Ni na jawo miki wannan, ba zan bar ki a nan ba. Hau!”

Ta hau, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da ranar da ta jefe ni da farar wuta. Na ba ta fitilar, ta ɗaura a bakin ɗankwalinta, ta zuro ta gabana daidai ƙirjina. Haka muka tafi. In harshen ya fara ƙanƙancewa sai ta ja kunnena na dama ko na hagu, in nemi tudu. A tsakiyar kwarin abin ya kai mini ƙirji, na miƙe wuya kamar zakara, ina taka duwatsu da saiwoyi. Mun wuce mutane a kwance, wasu sun zama ƙashi, duk a kife, duk sun fuskanci gaba. Can na ji ɗumin hawayen Tasallah yana ɗiga a kan hulata.

“Ashe bai saci komai ba,” in ji ta. “Gajere ne kawai, kuma ya bi doka.”

Kafin mu fita na karɓi ƙwaryarta, na riƙe numfashi, na sunkuya na kamfato kamar mai ɗiban ruwa, na rufe da faifai.

Alƙalai suna kan tudu a wancan baki, Sarkin Hanci a tsakiya. Na sauke tsohuwar, na ajiye fitilata tana ci a gabansu. Na miƙa masa ƙwaryar, na ɗan zame faifan. Ya ɗage alharini ya shinshina a hankali, irin ta gwanaye.

“Babu komai a ciki.”

Na karkata ƙwaryar a kan fitilar kamar mai zuba fura. Wutar ta mutu.

Na ce, “Ranka ya daɗe, babu komai ɗin nan ne ya kashe wana.”

Ya daɗe yana kallon lagwanin. Har yau ina zaton ya gane. Amma a bayansa akwai jajayen huluna ɗari uku da kwalabe casa'in da tara. Ya mai da alharininsa ya ce sihiri ne. Tun da kwari ya wanke mu ba za a kashe mu ba, amma in bar gari kafin azahar, kuma littattafaina huɗu na gidan karatu ne. Ban yi gardama ba. Ƙarfin gardamar ya ƙare a kwarin.

Tasallah ta raka ni har mararraba. Ta ce ita ba za ta koma tsauni ba tukuna, akwai gidajen bayan ganuwa da za ta bi ɗaya ɗaya ta gaya musu abin da ta gani game da mazansu da 'ya'yansu. Ban san abin da ya faru da ita ba. Ban san ko an daina rarrafe a kwarin ba. Na so in ce an daina.

Komowa ta fi tafiya tsawo. Na yi jinya a wani gari da na manta sunansa, na ɓata hanya sau biyu, na yi shekaru ina koyar da yara don in sami abin da zan ci in ƙara gaba. Warin nan arba'in da shida suka riƙa zubewa a hanya. Da na hango Dutsen Maje, rabin gidajen sun zama kango. Wata mata ta fito daga gidan wana, wuyanta ya karkace saboda tulu. Ta dube ni, ta dubi hannuna.

“Baffa Sallau?”

“Ni ne, 'yar nan.”

“Shekara ashirin da uku. Me ka kawo?”

Na nuna mata fitilar.

“Irinta muna da biyu a ɗaki,” in ji ta, ta shige ciki.

Yanzu Lantana tana cewa ba haka ta faɗa ba. Haka ta faɗa. Wannan kam ban manta ba.

Da ƙyar mai gari ya yarda aka fasa yaɓen. Na sa aka kafa gwafa, na rataya igiya mai tsawo, na kori kowa baya saboda abin da fadama ta koya mini. Na zura fitila. Ba ta tashi da wuta ba. Ta yi ta sauka tana ci, gaba biyar, gaba goma, a ta goma sha huɗu ta mutu. Gaba huɗu na wannan abu ke kwance a ƙasa. A hutun kwana ukun nan ya tsattsafo daga jikin dutse ya taru, yana jiran wana.

Na nemi babban wasaki na fata na fara ja. In zura, in jawo, in kai gangare in juye. Mutane suka taru suna kallon tsoho yana ɗiban babu. Wani ya ce, “Malam, a sam mana mu sha!” Wani ya ce tafiya ta taɓa shi. Da wasaki na gaba ya fito, na kira mai neman sha, na kunna fitila a gabansa, na juye mata. Dariyar ta tsaya. Washegari na tarar da Lantana a bakin rijiyar tun kafin in iso, ta ɗaure ɗamara.

“Hannunka na alƙalami ne, Baffa. Ba ni igiyar.”

Mata suka biyo ta. Wasu suna jan wasaki, wasu suna zura damin rassa masu ganye suna sama da ƙasa da shi don iskar waje ta shiga. Kowace safiya fitila ce ke fara sauka. Gaba goma sha biyar. Sha shida. Ran na shida ta kai ƙasa, ta zauna tana ci, muna hango ta kamar tauraro a cikin tulu.

Ba wanda ya ce zai sauka, ban kuma ga laifin kowa ba. Na ɗaura igiya a ƙugu. Lantana ce ta duba ƙullin, sau uku.

A ƙasan na tarar da dagin Nomau a tsaye inda ya kafa shi, ya yi tsatsa. Fitila tana ci kusa da ƙafata. Ban taɓa iya riƙe dagi ba, na faɗa. Na kama shi da hannu biyu na daka yadda na iya. Sau bakwai, ko tara. Ƙasar ta yi laushi, ta yi duhu, sai wani ƙamshi ya taso, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda ba ya cikin kwalaben Sansana ko ɗaya. Taƙi biyu ne tsakanin wana da ruwan. Na zauna a wurin, ruwa yana taruwa a ƙarƙashina, har sai da na ji muryar Lantana daga sama.

“Baffa! Yi magana mana!”

Na ce, “Turo buta.”

Shekaru sun wuce tun daga nan, ban san adadinsu ba, ita ma ba zan tambaye ta ba. An haƙa wasu rijiyoyi a garin da ƙauyukan kewaye, kuma ba mai sauka sai fitila ta riga shi. Makon jiya wasu mahaƙa daga nesa suka zo gaishe ni. Babbansu ya durƙusa ya ce, “Malam, mun gaji abin nan muna yi, amma wasunmu suna cewa camfi ne, ɓata mai ne kawai. Mene ne asalinsa?” Na buɗe baki in gaya masa. Babu komai a ciki. Na dube shi, na dubi fitilar da ke rataye a bango, ban san abin da ya haɗa ni da ita ba. Lantana ce ta ba su amsa, ta sallame su. Da suka tafi ta kawo tawada da takarda ta ajiye a gabana, ta ce, “Rubuta, tun da sauran.”

Ga shi na rubuta. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na kauce tsufa ne, a yafe mini. Fuskar Nomau ta tafi tuni, na neme ta na rasa. Amma ɗazu Lantana ta tashi ta jawo guga don in wanke alƙalami, ta wuce ta gabana da jiƙaƙƙiyar igiya a kafaɗa. Ƙamshin ya same ni, sai ga shi tsaye a bakin rijiya yana ɗaura igiya a ƙugu, yana dariya, yana ce mini in tanadi buta. Ya ɗan jima kafin igiyar ta bushe.